Jibralta: dutsen da ba shi da kogi ba shi da gona, amma ake rigima a kansa fiye da shekara 300

Idan ka taɓa zama inda ake karatun yadda Musulunci ya shiga Andalus, to ka san sunan Ɗariƙu bin Ziyad. A shekarar 711 ya tsallako da rundunarsa daga gaɓar Maroko ya sauka a gindin wani dutse da ke kudancin Turai. Larabawa suka riƙa kiran dutsen Jabal Ɗariƙ, bakin Turawa ya yi ta tauna sunan har ya koma Jibralta. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, yau dutsen nan ba a hannun Maroko yake ba, ba kuma a hannun Sifaniya da yake manne da ita ba. Birtaniya ce ke riƙe da shi, ƙasar da ke nesa da shi da fiye da kilomita 1,500.

Girman wurin duka bai cika murabba'in kilomita 7 ba. Ɗan zirin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku, tsawonsa kusan kilomita 5, wato mai tafiya a ƙafa zai ratsa shi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Mazaunansa sun haura dubu 30. Babu kogi, babu gona, babu ma'adinin da ake haƙowa a sayar. Amma sau 14 ana yi masa ƙawanyar yaƙi a tarihi, kuma yau in aka raba arzikinsa da yawan mutanensa yana cikin wuraren da suka fi samu a duniya. To me yake sayarwa? Inda Allah ya ajiye shi, shi ne hajarsa. Masu sayen ne dai suke ta canzawa.

Dutsen da mashigin

Bari mu fara da shi kansa dutsen. Tsayinsa mita 426, kuma irin farin dutsen nan ne da ake haƙowa a yi siminti da shi, kamar na Ashaka ko Kalambaina. Irin wannan dutse a ƙarƙashin ruwa yake samuwa, daga ɓawo da ƙasusuwan ƙananan halittun teku da suka yi ta taruwa. Na Jibralta ya taru ne kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce. Daga baya doron ƙasar Afirka da na Turai suka matsi juna, matsin ya naɗe shi ya ɗago shi sama har ya kifar da shi. Shi ya sa masana ƙasa ke son wurin: a al'ada tsohon shimfiɗin dutse ne a ƙasa sabo a sama, amma a nan tsohon ne ke kwance a kan sabon.

Kudu da dutsen akwai mashigin ruwan da ya haɗa Tekun Atlantika da Bahar Rum. Inda ya fi tsukewa faɗinsa kusan kilomita 14 ne kacal tsakanin Turai da Afirka. Bahar Rum teku ne mai asarar ruwa, domin abin da rana ke ƙonewa ya fi abin da koguna da ruwan sama ke zuba masa. Ta wannan mashigi ake cike giɓin. Ruwan Atlantika na shiga ta sama, shi kuma ruwan Bahar Rum, da yake ya fi gishiri ya fi nauyi, yana fita ta ƙasa. Ruwa biyu ke nan a hanya ɗaya, kowa na tafiyarsa.

Me zai faru in aka toshe hanyar? An taɓa gwadawa, ba mutum ne ya gwada ba. Kimanin shekara miliyan 6 da suka wuce motsin ƙasa ya datse hanyoyin da ke haɗa tekunan biyu, Bahar Rum ya ja baya ƙwarai, ya bar gishiri jibge a ƙasansa, wanda a wasu wurare kaurinsa ya wuce kilomita guda. Jirgin bincike mai suna Glomar Challenger ne ya haƙo shaidar hakan a 1970. Sai kimanin shekara miliyan 5.3 da suka wuce Atlantika ya ɓalle ta inda mashigin yake yanzu ya sake cika kwarin.

Hatta tsuntsaye sun san darajar wurin. Shirwa da ungulu da danginsu masu shawagi suna dogara ne da iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ta ɗaga su, kuma irin wannan iska ba ta tashi sosai a kan teku. Saboda haka in za su sauko daga Turai zuwa Afirka ta Yamma sai su nemi inda ruwan ya fi ƙanƙanta, su yi dafifi a nan duk shekara. Mutane ma sun daɗe a wurin. A 1848 aka tono ƙoƙon kan wani jinsin mutanen da da ake kira Niyandatal a wata mahaƙar dutse ta Jibralta, shekara 8 kafin wanda aka samu a Jamus, wanda shi ne ya ba jinsin sunansa.

Ga wani abu da ake yawan kuskurewa. Jibralta ba ita ce a daidai inda mashigin ya fi tsukewa ba, can wajen garin Tarifa ne na Sifaniya. Kuma igwar ƙarni na 18 ba ta iya harbi ta kai tsallaken ruwan, don haka dutsen ba ƙyaure ba ne da ake rufewa a hana jiragen ruwa wucewa. Amfaninsa biyu ne. A yammacinsa akwai lungun teku inda jiragen yaƙi za su fake. Sannan ɓangarensa na arewa da na gabas a tsaye suke kamar bango, hanyar shiga ta ƙasa ɗaya ce, wani ɗan siririn fili mai yashi da duk wanda ke sama yana kallonka. 'Yan tsirarun sojoji sun isa su tsare shi, muddin akwai jiragen da za su kawo musu abinci.

Matsalar ruwa

Wannan ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin a nan ake ganin tsadar zama a wurin. Ana samun ruwan sama, amma a lokacin sanyi yake sauka, bazara kuwa fari ƙal. Shi kuma farin dutse cike yake da tsagogi da koguna, ruwa na sauka yake zurarewa ciki. Shekaru aru-aru mutane sun dogara da rijiyoyi kaɗan da ruwan da suke tarawa daga rufin ɗaki. Ka san sauron da ke yaɗa cutar shawara yana son ruwan da aka ajiye a randa da tulu. A 1804 annobar shawara ta kashe dubban mutane a garin, ta kuma sake dawowa a 1813 da 1814 da 1828.

Daga 1903 injiniyoyi suka fito da wata dabara. A gabashin dutsen akwai wani ƙaton gangaren yashi. Sai suka lulluɓe shi da kwanon rufi, ya zama kamar rufin gida ɗaya mai faɗin gaske, ruwan sama ya gangaro ta magudana ya shige manyan tankunan da aka fafe a cikin dutsen. An yi amfani da wannan har farkon shekarun 1990. Yanzu ruwan teku ake tacewa: ana tura shi da ƙarfin gaske ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi da ruwa ke wucewa gishiri ya tsaya. Aikin na cin wutar lantarki sosai, shi ya sa har yau gidajen Jibralta bututu biyu ke shiga cikinsu, ɗaya na ruwan sha, ɗaya na ruwan gishiri don kora bayan gida. A 2022 gobara ta tashi a wani ramin dutsen ta lalata bututun da ke kai wa matatar ruwa, sai da aka riƙa shigo da ruwa a tankokin mota daga Sifaniya.

Daga hannu zuwa hannu

Mu koma kan Ɗariƙu. Labarin nan da ake yawan bayarwa cewa ya ƙone jiragensa don kada mayaƙansa su gudu, ba ya cikin littattafan tarihi na farko-farko, sai bayan ƙarnoni ya bayyana, don haka masana da yawa ba su yarda da shi ba. Kuma shi bai gina gari a wurin ba. Sai a 1160 Sarki Abdul Mumini na daular Muwahhidun ya sa aka gina birni mai ganuwa, aka sa masa suna Madinatul Fathi. Masarautar Kastil ta ƙwace shi a 1309, sarakunan Banu Marin na Maroko suka ƙwato a 1333. Hasumiyar da suka sake ginawa tana nan tsaye har yau. A 1350 Sarki Alfonso na 11 na Kastil ya mutu da annobar da ake kira Baƙar Mutuwa yana tsaka da yi wa garin ƙawanya. A wannan shekarar Ibn Baɗuɗa ya tsallako da niyyar taya kare garin, ya tarar an riga an watse. Shi ne dai bayan 'yan shekaru ya ratsa Sahara zuwa Mali da Takedda, har ya ambaci Gobir a cikin wuraren da ake kai tagullar Takedda. A 1462 Kastil ta karɓe garin gaba ɗaya, shekara 30 kafin faɗuwar Garnaɗa.

Yadda Ingila ta shigo kuwa rikicin gado ne. Sarkin Sifaniya Carlos na 2 ya mutu a 1700 bai bar ɗa ba, manyan ƙasashen Turai suka kama yaƙi kan wanda zai gaje shi. A watan Agustan 1704 jiragen yaƙin Ingila da Holan ƙarƙashin George Rooke suka kama Jibralta, da sunan ɗan takarar da suke goyon baya. Kusan duk mazauna garin suka fice, da yawansu suka zauna a San Roque da ke kusa. Ɗan takarar bai samu sarautar ba, amma Birtaniya ba ta saki dutsen ba.

Yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ce ta tabbatar mata da shi, kuma sashe na 10 na wannan takarda shi ne ake jayayya a kansa har gobe. Sashen ya ba Birtaniya garin da ganuwarsa da tashar jiragensa har abada. Ya ce in wata rana ta so rabuwa da wurin, Sifaniya za a fara yi wa tayi. Ya kuma ce kada a bar Bayahude ko Musulmin Arewacin Afirka ya zauna a garin. Wannan sharaɗi na ƙarshe bai je ko'ina ba, domin Sifaniya ta rufe hanyar ƙasa, shanu da kayan lambun da sojoji za su ci kuwa daga Maroko suke zuwa, kuma fataken da ke kawowa su ne waɗanda aka ce a kora. Ciki ya yi gardama da takarda, ciki ya yi nasara. Ɗan tsaya ka lura da wani abu kuma: a cikin wannan sulhu na 1713 ne Birtaniya ta samu izinin kai bayi 'yan Afirka 4,800 duk shekara zuwa yankunan Sifaniya na nahiyar Amurka, har tsawon shekara 30.

Sifaniya ta yi ta ƙoƙarin ƙwato dutsen da ƙarfi. Yunƙuri mafi girma shi ne ƙawanyar da ta yi tare da Faransa daga 1779 zuwa 1783, shekara uku da wata bakwai. Yunwa da cutar rashin bitamin C sun addabi na ciki. A ranar 13 ga Satumban 1782 maharan suka turo jiragen ruwa 10 da aka yi wa kauri na musamman don kada harsashin igwa ya huda su. Sojojin Janar George Eliott suka riƙa gasa harsasan ƙarfe a wuta har su yi ja kafin su harba, jiragen suka kama da wuta. A lokacin wannan ƙawanya aka fara fafe ramuka a cikin dutsen don girke igwa. Yau tsawon ramukan ya haura kilomita 50, akasarinsu a Yaƙin Duniya na Biyu aka haƙa. A cikinsu Janar Eisenhower ya zauna a 1942 ya jagoranci saukar sojojin ƙawance a Arewacin Afirka.

Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ƙara wa wurin daraja, domin ya zama zangon farko a hanyar Birtaniya zuwa Indiya: Jibralta, Malta, Suwez, Adan. Jiragen ruwa na tsayawa su ɗebi kwal. Masu neman abinci suka yi ta zuwa daga Jenowa da Malta da Fotugal da Maroko da Sifaniya, daga baya har 'yan kasuwar Indiya. Jikokinsu ne 'yan Jibralta na yau, masu wani salon magana da suke kira Yanito, cakuɗen Sifaniyanci da Turanci. A 1940 aka kwashe mata da yara da tsofaffi aka kai su Landan da Madeira da Jamaika don a bar wa sojoji wuri, wasu ba su dawo ba sai 1951. Wannan wahala ce ta sa suka fara ganin kansu a matsayin al'umma mai haƙƙi, ba 'yan hidimar bariki kawai ba.

Af, sai birai. A saman dutsen akwai birai 'yan ɗaruruwa, su kaɗai ne birai masu yawo a sake a duk Turai, kuma asalinsu daga Maroko da Aljeriya ne. Akwai camfin cewa ranar da suka ƙare Birtaniya za ta bar wurin. Da suka ragu lokacin yaƙi, Churchill da kansa ya ba da umarnin a ƙaro wasu.

Ƙuri'a 44

A 1967 aka tambayi mutanen wurin inda suke so. Mutum 12,138 suka zaɓi Birtaniya, 44 suka zaɓi Sifaniya. Janar Franco ya mayar da martani a 1969 da rufe iyakar ruf, har layin tarho aka yanke. 'Yan uwa suka koma tsayawa a bakin shinge suna ɗaga murya su gaisa. Dubban ma'aikatan Sifaniya da ke shiga aiki kullum suka rasa abin yi, aka ɗebo 'yan Maroko suka maye gurbinsu. Ba a buɗe wa masu ƙafa ba sai 1982, ba a buɗe gaba ɗaya ba sai 1985. A ganina ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya: Franco ya so ya gajiyar da su, sai ya raini tsara guda da ta tashi tana kallon Sifaniya a matsayin mai kulle musu ƙofa. Da aka sake ƙuri'a a 2002 kan mulkin haɗin gwiwa tsakanin ƙasashen biyu, kusan kashi 99 cikin 100 suka ce a'a.

Kowane ɓangare na da hujjar da ba ta raini ba. Sifaniya na cewa wannan mulkin mallaka ne a jikin ƙasarta, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya har yanzu tana lissafa Jibralta cikin yankunan da ba su samu 'yancin kai ba. Tana kuma cewa ɗan filin yashin nan da ya haɗa dutsen da ƙasa ba ya cikin abin da aka bayar a Utrecht, Birtaniya ta shiga ne a hankali a ƙarni na 19, ta kafa shinge a 1909, ta gina filin jirgin sama a kai. A wannan batu kam takardar ta fi karkata wajen Sifaniya. Su kuma 'yan Jibralta na cewa shekara 300 ta isa mutum ya zama ɗan gari, kuma ba a miƙa mutane kamar kaya. Sai dai laifi tudu ne: ita Sifaniya tana riƙe da biranen Sabta da Malila a gaɓar Maroko, Maroko na neman su, ita kuma tana cewa ai sun daɗe a hannunta kuma mazaunansu ba sa son canji.

Sabon mai saye

Har farkon shekarun 1980 fiye da rabin tattalin arzikin Jibralta daga aljihun ma'aikatar tsaron Birtaniya yake fitowa. A 1984 aka rufe ma'aikatar gyaran jiragen yaƙi, sojoji suka yi ta raguwa. Mai saye na farko ya tashi ke nan, dole a nemi wani.

Wani ɓangaren tsohon ciniki ne da sabuwar riga. Inda da ake sayar da kwal, yanzu mai ake sayar wa dubban jiragen da ke ratsa mashigin, kuma tashar na cikin manyan wuraren shan man jiragen ruwa a Bahar Rum. Sai masu yawon buɗe ido, da yawansu na yini ɗaya, da ke zuwa kallon birai da sayen kaya da araha. Amma babban kuɗin daga wani irin matsayi yake zuwa, na doka. Tun kundin tsarin mulki na 2006 gwamnatin wurin ce ke tafiyar da kusan komai in ban da tsaro da harkokin waje, har da tsara harajinta. Harajin kamfanoni ya daɗe a kashi 10, yanzu kashi 15 ne. Kotuna da dokoki irin na Ingila ne, kuɗinsu kuma daidai yake da fam na Ingila. Wannan ya jawo kamfanonin inshora, har kaso mai tsoka na motocin da ke yawo a titunan Birtaniya a Jibralta aka yi musu inshora. Ya kuma jawo manyan kamfanonin caca ta intanet, waɗanda ke ɗaukar dubban ma'aikata.

Kada ka ɗauka ba a ƙorafi. Sifaniya ta daɗe tana cewa wurin maɓoyar masu gudun haraji ne, kuma arahar taba sigari na ciyar da fasa-ƙwauri. A 2022 hukumar duniya mai sa ido kan halasta kuɗin haram ta sa Jibralta a jerin wuraren da ake sa wa ido, ta cire ta a 2024. Ni abin da na fi ganin rauninsa shi ne, kamfanin da duk dukiyarsa kwamfuta ce da lasisi yana iya tashi cikin wata guda in wani wurin ya fi sauƙi, dutse kuwa ba ya tashi.

Sannan akwai iyakar, mai tsawon kilomita 1.2. Kimanin mutum 15,000 ke tsallako ta kullum su yi aiki, wato kusan rabin ma'aikatan Jibralta. Da yawansu daga La Linea suke, garin da ke manne da shingen, ɗaya daga cikin garuruwan da rashin aikin yi ya fi tsanani a Sifaniya. In ka shigo a ƙafa ta kan titin saukar jiragen sama za ka bi, in jirgi zai sauka a tsayar da ku. Motoci ma haka suke yi sai da aka buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa a 2023. Asibiti da otal da ofisoshin Jibralta ba za su yi aiki ba in babu waɗannan mutane, su kuma ba su da wani albashin in babu Jibralta. Zaman doya da manja ne a sama tsakanin gwamnatoci, a ƙasa kuwa tukunya ɗaya ake ci.

Shi ya sa a ƙuri'ar 2016 kusan kashi 96 cikin 100 na 'yan Jibralta suka zaɓi a ci gaba da zama cikin Tarayyar Turai. Birtaniya ta fice, ta ja su suka fita tare, iyakar ta zama iyakar wajen Tarayyar. An shafe shekaru ana tattaunawa kafin a watan Yunin 2025 a sanar da cimma matsaya. Bisa tsarin, za a daina binciken mutane da kaya a shingen, a mayar da binciken filin jirgin sama da tashar ruwa, Jibralta kuma ta ɗora haraji kan kayan da ake sayarwa don rage tazarar farashi da maƙwabta. Batun mallakar wurin an ajiye shi gefe, sansanin sojan Birtaniya na nan daram. Amma ɗan Birtaniyan da ya taso daga Landan, in ya sauka, bayan jami'in Jibralta ya duba fasfonsa sai ya sake miƙa shi ga jami'in Sifaniya kafin ya shiga gari.